Hagu a Kan Dama

A unguwarmu da ke bayan kogin Asano, a Kanazawa, babu macen da ta taɓa sa kimono, doguwar rigarmu ta gargajiya, ba ta san hannun Kinue Obata ba. Wasu sun san shi a shagonta, inda suka kai kansu da ƙafarsu. Wasu kuwa a bakin titi suka gamu da shi. Mace tana tafiyarta sai ta ji an ja mata wuyan riga ta baya, ta waiwaya a firgice, ta ga wata 'yar guntuwar tsohuwa tana cewa, "Tsaya cak, 'yata, saura kaɗan."

Shekara hamsin da ɗaya ke nan tana sana'ar shirya mata a cikin kimono. Amare, 'yan mata masu bikin cika shekara ashirin, iyaye masu zuwa yaye ɗalibai, duk ta gabanta suke bi. Za ta cusa wa mace tawul a ƙugu da ƙirji har ta miƙe sambal kamar turmi, ta ɗaure ta da igiya shida, sannan ta naɗa mata obi, wannan doguwar ɗamarar da in an warware ta sai ta kai tsawon ɗaki. In mace ta ce ba ta iya numfashi, Kinue takan ce, "Kin yi da safe ai. Za ki ƙara da yamma."

Ubanta mai wanke yadin rini ne a kogi, uwarta kuma mai ɗinki, saboda haka tun tana rarrafe take ganin yadi. Tana da shekara goma sha tara aka kai ta koyo wurin wata mai gyaran gashin amare, wata shida kawai ta fara gyara wa uwar ɗakin nata ɗauri, aka sallame ta cikin mutunci. Ko mijinta Genzo ta wannan hanya ta same shi. Direban bas ne a lokacin. Ta shiga motarsa ta ga kwalarsa ta lanƙwashe, ta miƙa hannu ta gyara ana tsaka da tafiya, bas ta kusa hawa dakalin masu kifi. Maimakon ya yi faɗa sai ya ce ya gode. Kinue ta ce a duk faɗin Kanazawa shi kaɗai ne ya taɓa yi mata godiya, don haka ta aure shi.

Halin nan bai bar ta ba, kullum gaba ya ƙara yi. An taɓa ganin ta bi wata baƙuwa cikin jirgin ƙasa har garin Toyama don kawai ƙullin bayanta ya karkace. Gidan talabijin ma bai tsira ba, wasiƙa take aika musu duk sanda 'yar wasa ta fito da ɗauri sako-sako. Yara mata sun sa mata suna 'Yar Sanda, in sun hango ta sai su shige kanti su yi ta duba abin da ba za su saya ba. Ni dai ban taɓa ganin mugunta a cikin lamarin ba. Ƙaiƙayi ne a tafin hannu, kuma ba a samo maganinsa ba.

Ita da Genzo ba su samu haihuwa ba. Da ƙanwarta ta rasu ta bar yarinya 'yar shekara shida mai suna Chinami, sai Kinue ta ɗauko ta, ta riƙe ta kamar ita ta haife ta. Ta so yarinyar nan so mai tsanani, sai dai ba ta san wata hanyar nuna shi ba in ba gyara ba. Ta gyara mata safa, ta gyara mata zama, ta gyara mata riƙon tsinken cin abinci, har dariyarta ta gyara.

Ranar bikin cika shekara ashirin ɗin Chinami aka yi ta ta ƙare. Kinue ta shirya ta tun da sassafe da tawul biyar, ta raka ta zauren taro, ta gyara ta sau goma sha huɗu a hanya. Na goma sha biyar ɗin a gaban mai ɗaukar hoto ne, ana ƙirga ɗaya, biyu, sai ga Kinue ta kutsa cikin layin 'yan mata tana jan wuyan rigarta. Chinami ta kai hannu baya ta warware obi ɗin, ta bar shi shimfiɗe a ƙasa, ta zare tawul ɗin ɗaya bayan ɗaya ta ɗora wa gwaggonta a hannu, ta fice. Sati bai zagayo ba ta tafi Tokyo.

Shekara tara babu ita. Katin sabuwar shekara kawai ke zuwa, da gaisuwa layi ɗaya. A bakin mutane Kinue ta ji cewa yarinyar ta aske kanta, ta zama mai zane, ta shiga cikin masu fafutukar 'yancin mata, har tana faɗa a jarida cewa obi igiyar ɗaure akuya ce aka yi mata ado da furanni. Kinue ta karanta maganar, ta yanke hoton, ta ajiye a aljihun tebur. Abin da ta ce kawai shi ne rigar da yarinyar ta sa ba ta sha guga ba. Amma Genzo ya sha ganinta tana buɗe aljihun teburin nan in ta ɗauka ba ya kallo.

Sai ga waya wata Laraba.

"Gwaggo, ni ce. Zan zo in baje zane-zanena a Kanazawa ranar Asabar ta sama. A tsohon gidan wankan unguwa."

Kinue ta riƙe wayar da hannu biyu. "Gidan wankan da aka rufe? To, to. Kina cin abinci kuwa? Muryarki ta..."

"Ga shi nan, kin fara. Saurara, Gwaggo. Ina so ki zo. Amma in kika gyara abu ɗaya, ko da zare ne, ko da baki ko da hannu, jakata zan ɗauka, kuma daga ranar ko kati ba za ki sake gani ba. Kin yarda?"

"Haba, sai ka ce wata mara hankali. Na yarda mana."

Da ta ajiye wayar sai ta ce wa Genzo ba ta jin za ta iya, don ta san kanta. Genzo, wanda ya yi ritaya ba shi da aikin da ya wuce ba kifayen tafki abinci, ya ce shi zai horar da ita. Washegari ya fito karin kumallo da riga a bai-bai. Kinue ta kalle shi, ta kalli rufi, ta jure har ya sha miya kurɓa biyu, sannan ta yi kansa.

"Kin faɗi," in ji Genzo ta cikin rigar da ake tuɓe masa. "Da Chinami ce da yanzu tana tasha."

Kwana tara suna wannan fama. Ya sa safa kala biyu, ya tsallake maɓalli ɗaya, ya rataye kalanda a karkace, ya fita unguwa da takalmin banɗaki. Maƙwabta suka fara tambayar Kinue a asirce ko kan tsohon ya fara taɓuwa. A ƙarshe dai suka gano dabara: in hannuwanta duka biyu suna riƙe da kaya, saura baki kaɗai, shi kuma baki ana iya cika shi da alewa.

Ranar Asabar ta sa kimononta mai ruwan toka, wanda take ji da shi. Hannun dama ta riƙe ƙunshin abinci, dunƙulen shinkafa da gasasshen kifi da soyayyar awara. Hannun hagu ta riƙe lema. Alewa uku a baki. Genzo ya ce zai biyo ta in ya gama da kifaye. Awa guda kafin a buɗe ta isa.

Chinami ce ta tare ta a ƙofa, kai a aske, wando duk fenti, ɗan kunne a kunne ɗaya. Ɗaya! Kinue ta ƙara matse lemar. Suka rusuna wa juna kamar baƙi.

"Kin rame, Gwaggo."

"Mmm," in ji Kinue, don alewa ba ta bar mata wuri ba.

A ɓangaren maza Chinami ta rataye zanen, da gangan, wai don mata su shiga inda aka hana su shekara tamanin. Zane goma sha biyu ne manya, a jere a saman famfunan wanka. Duka mata ne cikin kimono, amma babu wadda ta zauna zaman kirki. Ɗaya tana kan babur ta buɗe ƙafa. Wata ta kafa kai a kwanon taliya, romo na bin haɓarta. Wata amarya tana hamma har ana hango dasashinta. Akwai wadda ta saɓa mijinta a kafaɗa kamar buhun shinkafa, shi kuma yana karanta jarida abinsa. Can ƙarshe, a bangon da ya fi kowanne girma, wata 'yar guntuwar tsohuwa ce a tsaye da igiya a baki, hannu a ƙugu, tana kallon duniya kamar duniyar ce ta karkace. Kinue ta gane kanta nan take, har da tabon da ke gefen hancinta.

Zuciyarta ta yi wani irin sanyi mai daɗi. Ashe yarinyar nan tana tuna fuskarta haka.

Sai idonta ya sauka a wuyan rigar.

Ko yaron goye a ƙasar nan ya kamata ya san cewa gefen hagu na kimono ne ke hawa kan na dama. Mai rai haka yake sawa, namiji ko mace, sarki ko mai shara. Dama a kan hagu kuwa sau ɗaya ake yi wa mutum, ranar da aka wanke shi aka kwantar a akwati. Tsohuwar da ke cikin zanen nan dama ce a kan hagu. Kinue ta juya ga mai babur. Dama a kan hagu. Mai taliya, mai hamma, mai ɗauke da miji, kaf ɗinsu. Gawa goma sha biyu ne rataye a gidan wanka, suna ta harkokinsu.

Alewa ɗaya ta wuce mata maƙogwaro ba shiri.

"Yaya kika gani?" in ji Chinami. Ta harɗe hannu kamar ko a jikinta.

Kinue ta duba fuskar yarinyar tana neman alamar tsokana. Babu. Da gangan aka sa amarya hamma, da gangan aka saɓa miji, amma wannan kam yarinyar ba ta san ta yi ba. Maganar ta taso wa Kinue tun daga ciki, ta zo har bakin haƙori. In ta faɗa, ta karya alkawari, yarinya ta tafi. In ta yi shiru, nan da awa guda garin nan zai shigo ya gani.

"An... sa fenti sosai," in ji ta.

"Shi ke nan?"

"Kuma ya bushe da kyau. Ga abinci."

Ƙarfe biyu aka buɗe ƙofa. 'Yan mata ɗalibai suka shigo suna ɗaukar hoto da waya, ba su lura da komai ba. Bayansu sai ga Teruko Shirakawa da tawagarta ta mata takwas, 'yan ƙungiyar raya kimono ta unguwa, kowacce a ɗaure tamau. Teruko ita ma sana'arsu ɗaya da Kinue, shagonta na tsallaken gada, kuma shekara arba'in ke nan suna gaisawa da murmushi kowacce tana duba ɗaurin 'yar'uwarta. Matan suka tsaya gaban zanen farko. Murmushinsu ya daskare. Suka fara raɗa a bayan hannun riga, sai dai sun manta inda suke. Gidan wanka ba ya riƙe sirri, ko tari ka yi sai bango ya maimaita.

Kafin raɗar ta yi nisa wani dogon mutum mai gyale a wuya ya tafa hannu. Anzai sunansa, mai sharhin zane a wata mujallar Tokyo, ya biyo jirgin safe musamman. Ya tsaya a kan dakalin da ake zama a cuɗa baya, ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, kun ga abin da nake gani kuwa? Matattu! Dukansu matattu ne! Mai zanen nan tana gaya mana cewa al'ada ta binne mace da ranta, amma ko a cikin kabari macen ta ƙi kwanciya. Dama a kan hagu, sau goma sha biyu! Wace irin jarumta ce wannan!"

Da Chinami ta yi shiru da ta ci riba, don mutumin ya riga ya gina mata gida har da rufi. Amma yarinyar Kinue ce ta raine ta, ba ta iya barin magana ta wuce a karkace ba. Ta matso kusa da gwaggonta ta yi ƙasa da murya.

"Su wa ne matattun? Me yake nufi da dama a kan hagu?"

Bango ya ɗauka ya raba wa kowa.

Anzai ya sauke hannuwansa a hankali. Sai wata daga cikin matan ta fashe da dariya ta hanci, sauran suka kama. Teruko ba ta yi dariya ba, ta fi ƙarfin haka. Ta tako da 'yan ƙananan takunta har gaban Kinue ta rusuna.

"Kinue-san, sannu da ƙoƙari. Ashe yarinyar da ta tashi a shagonki ce? Kai, yaran zamani. Amma na san ke kin koya mata, ita ce dai ba ta ɗauka ba. Ko?"

Ƙofa ce aka buɗe wa Kinue ta fita da sunanta. In ta ce e kawai, ta ce yarinya ce mai kunnen ƙashi, shi ke nan an wanke ta. Kinue ba ta ko kalli Teruko ba, don ta ga Chinami ta yi fari fat ta shige ta ƙaramar ƙofar da ke kaiwa ɓangaren mata. Ta ajiye lema a hannun Anzai, ta bi ta.

A ɗakin tuɓe kaya ta same ta, zaune a kan wata 'yar kujerar roba, tana cusa kaya a jaka.

"Kin gani tun ɗazu," in ji Chinami ba ta ɗago ba.

"Na gani."

"Shi ne kika yi shiru?"

"Ke kika ce ko zare kada in taɓa."

"Wannan ai ba zare ba ne, Gwaggo! Wannan ai sai ki faɗa! Shekara goma sha huɗu kina gyara mini abin da bai kai ya kawo ba, yau da abin gyara na gaske ya zo kika ce mini fenti ya bushe!"

"To ai ya bushe ɗin."

Chinami ta yi wata dariya da ta rikiɗe ta zama kuka. Ta share hanci da bayan hannu, Kinue ta kau da kai don kada ta yi magana.

"Ban duba littafi ba," in ji yarinyar. "Ban duba hoton kowa ba. Na ce daga kaina zan zana, yadda na gani ina ƙarama. Kin tuna inda nake zama a shago? A lungun baya, kusa da tulin tawul. Ke da masu zuwa duk kun ba ni baya, kuna fuskantar babban madubin nan. Ni fuskarki a madubi na san ta, Gwaggo. In na rufe ido, ta madubin nake gani. Ban taɓa tunanin a juye take ba, hagu ya koma dama."

Kinue ta tsaya da ƙunshin abinci a hannu. Ta yi ƙoƙarin tuna rana ɗaya da ta juyo ta kalli yarinyar nan ido da ido ba don ta gyara mata wani abu ba, ta rasa. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta fi ta dariyar matan can nesa ba kusa ba.

"Akwai jirgin ƙarfe huɗu," in ji Chinami tana jan zip. "Ba laifinki ba ne, kin cika alkawari. Amma ni da garin nan har abada. Da wane ido zan sake bin titin nan?"

To fa. An yi shirun, an sha alewar, kuma yarinya za ta tafi duk da haka. Kinue ta dire ƙunshin a ƙasa.

"Riƙe mini nan," ta ce, ta miƙa mata bakin obi.

"Me za ki yi?"

"Riƙe dai, sarkin tambaya."

Ta juya ta warware kanta, ta kwance igiyoyin, ta buɗe kimonon. Sai ta kama gefen hagu ta kwantar a jikinta, ta ɗauko na dama za ta ɗora. Hannun ya ƙi. Da kansa ya koma ya yi yadda ya saba. Ta sake, ya sake komawa. Sai da ta daka wa hannun nata tsawa, ta ce, "Kai, ni ce da kai ko kai ne da ni?" sannan a karo na uku ya bi umarni. Tsigar jikinta ta tashi tun daga ƙeya har dunduniya. Ta ɗaure tsaf, don ko gawa ce ba za ta fita da ɗauri sako-sako ba.

Da ta fito, matar da ta fara hango ta sai da ta dafa famfo. Kinue ta ratsa tsakiyarsu ba gaggawa, ta je ƙarƙashin babban zanen ta tsaya, ta sa hannu a ƙugu.

"Na ji ana cewa zane ya yi kuskure," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba, bango ya yi mata aikin. "To ga zane, ga wadda aka zana da kanta. Wanda ya ga bambanci ya nuna mini."

"Kinue-san!" in ji Teruko. "Kin san abin da kika sa kuwa? Wannan ai jawo wa kai ne! Tsaya in..." Hannunta ya riga ya miƙe zuwa wuyan rigar.

Kinue ta buge hannun. "A'a, Teruko-san. Nan ba a gyara. Doka ce, ni ma na sha wuyarta."

Daidai nan Genzo ya shigo yana karkaɗe lema. Ya dubi matarsa, ya dubi wuyan rigarta, ya cire hula.

"Kinue," ya ce a hankali, "yaushe? Da safe fa lafiya lau muka rabu."

Ɗaliban nan ne suka fara dariya, amma wannan dariyar daban take da ta ɗazu. Matar da ta yi dariya ta hanci ɗazu ta ƙara yi, har ta ce wayyo obi zai kashe ta, ta sa hannu a ƙirji ta zaro tawul guda ta yi fifita da shi. Anzai ya dawo hayyacinsa, ya soke lema a hammata yana rubutu kamar zai yaga takarda, yana cewa bai taɓa ganin zane ya sauko daga bango ba. Kinue ta aika Genzo ya ɗauko ƙunshin abincin. A tsaye ta ci dunƙulen shinkafa biyu a gaban jama'a, abin da ba ta taɓa yi ba cikin kimono, ƙwaya na zuba a ƙirjinta.

Kada a ɗauka abin ya tafi a banza. Teruko ta fice da mata biyar, kuma kafin yamma labari ya ƙetare gada. Iyayen amare da dama sun ɗauke ƙafa daga shagon Kinue tun daga ranar, wai ba za a sa wa 'yarsu kaya da hannun da ya yi ɗaurin gawa a jikin mai rai ba. Kinue ta san haka za a yi tun tana kwance igiyar farko.

Da mutane suka ragu ta koma ɗakin tuɓe kaya. Chinami na nan tsaye a bakin ƙofa, ta ga komai, idonta ya yi ja. Jakar na gefenta.

"Zo ki fitar da ni daga cikin abin nan," in ji Kinue. "Hannuna ya mutu, kuma ba zan bi titi haka karnuka su yi ta haushi ba."

Chinami ta zo ta tsaya a gabanta. Ta kwance, ta buɗe, ta riƙe gefe biyu tana kallonsu kamar an ba ta lissafi.

"Wanne ne farko?"

"Tambaya kika yi, ko? Ba gyara ba ne in na amsa?"

"Tambaya ce."

"Na damana ki kwantar. Damana, ba damarki ba. Yawwa. Sai na hagu a kai."

Ɗaurin da aka yi ranar, da a jikin wata Kinue ta gan shi da sai ta bi ta har Toyama. Wuya ya zame, gindi ya ɗage gefe ɗaya, ƙullin baya ya yi kama da kan kabeji. Kinue ta sunkuya ta duba, ta buɗe baki, ta rufe. Sai ta tsaya tana kallon fuskar da ke gabanta, yarinyar ta ciji leɓe tana fama da igiya, gumi a goshinta.

"Ba komai," in ji Kinue. "Dama abin da ke damuna shi ne wa zai sa mini kaya ranar da na tafi, kada a kira Teruko. Yanzu hankalina ya kwanta. Wancan gefen kam na ga kin iya shi, har sau goma sha biyu."

Hannun Chinami ya tsaya a kan igiyar.

"Ba ki isa ba," ta ce. "Sai na iya na masu rai tukuna. Kuma kin san ni da taurin kai, zan daɗe ban iya ba."

"Za ki daɗe kam," in ji Kinue. "Ja igiyar nan, ba ta kama ba."

Chinami ta ture jakar da ƙafa zuwa ƙarƙashin benci don ta samu wurin tsayawa, ta kwance igiyar, ta sake farawa.